Amsa Ga Baba Alhaji Kan Dukan Fursunoni

Baba Alhaji, ranka ya daɗe.

A taron 'yan kasuwarmu na Agege a Legas ka tambaye ni a gaban jama'a: "Kai da kake kukan a daina dukan fursunoni, gidan yari otal ne? In ba a lallasa su ba, wa zai ladabtar da su?" Ga amsata, da dukkan girmamawa.

Baba, su wa ke ciki? Kusan kashi biyu cikin uku na tsararrun ƙasar nan jiran shari'a suke yi, alƙali bai kama su da laifi ba. Cikinsu har da yaranmu: ɗan okadan da aka cafke bayan haramcin okada na 2022, da ɗan bola jarin da samame ya rutsa da shi. Ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, an karanta masa tuhuma ya gyaɗa kai. Shi za a lallasa?

Kurkukun Ikoyi na mutum 800 ne, amma sama da 3,000 ke cunkushe a ciki lokacin da wayar lantarki ta kashe fursunoni biyar a Disambar 2019. A wani gidan da nake kai abincin buɗa-baki na ga yadda ake kwana: kowa a gefe guda, ƙirjin wannan a bayan wancan, sabon shiga kusa da bokitin ba-haya. Ƙazuwa ta cinye tsakanin yatsunsu. Kuma sau da yawa ba gandiroba ke dukan ba, shugaban ɗaki ne, fursuna ɗan'uwansu, mai karɓar kuɗin wurin kwanciya. Yaron da ya shiga kan rikicin babur, a hannun irin waɗannan yake koyon mugunta, kuma unguwarmu zai dawo da ita.

Ban ce a bar su sakaka ba. Akwai masu taurin kai, gandirobobi ma suna shan wuya, ga ƙarancin ma'aikata. Amma horo yana da hanya. Mai ladabi ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, wanda ya yi fitina a zaftare masa wannan rangwame bayan an saurare shi. Wallahi fursuna ya fi tsoron ƙarin wata ɗaya a kan kulki goma. Azabtarwa kuwa laifi ce a dokar 2017, kuma dokar 2019 da ta mai da gidajen yari na gyaran hali ta bai wa hukumar gidajen ikon ƙin karɓar sababbi in gida ya cika.

Roƙona, Baba, kai ake jin maganarka. A cikin kuɗin da muke tarawa duk wata, a ware na lauya da tafinta, a bi gidajen yarin Ikoyi, Kirikiri da Badagiri a rubuto sunayen yaranmu. Wasunsu tara ce kawai ta riƙe su, wadda ba ta kai kuɗin buhun albasa a kasuwar Mile 12 ba.

Ɗanka,
Mai ziyarar gidajen yari, Agege