Mutum bakwai kuka tambaya, ba ko ɗaya namu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya sanyi, da fatan kai da ma'aikatanka duk kuna lafiya.

Ni ba mai yawan rubuta wasiƙa ba ne amma shirinku na daren Asabar ɗin nan da ta wuce ya tsaya mini a rai, wallahi sai da na kashe rediyon don haushi na sake kunnawa ina sa ran ko a ƙarshe za ku gyara, har aka rufe shirin ba ku gyara ba. Mutum bakwai na ƙirga da yatsuna waɗanda wakilinku ya tare a bakin ƙofa bayan Bombino, makaɗin gitar nan na Abzinawa, ya gama wasa a Turai, bakwai cur, kuma duka bakwan Turawa ne. Wannan ya ce shi bai taɓa jin irinsa ba, waccan ta ce ta rufe ido ta ga raƙuma da rairayi, wani kuma ya ce Jimi Hendrix ne na sahara, wato yana kwatanta shi da wani shahararren makaɗin gita na Amurka, ku kuma kuna ta fassara mana ɗaya bayan ɗaya da Hausa kamar wani labarin da ba mu sani ba. Haba Malam. Yaron nan ɗan ƙasarmu ne fa, a Tidene aka haife shi nan arewa da Agadas a 1980, mu da muka san shi tun ana ce masa Umara, mu ne za a zauna ana karanta wa ra'ayin baƙi a kansa?

Kuma kada a ce mini wai babu mutanenmu a wajen. Ku koma ku saurari faifan da kanku. A bayan muryar wakilinku, daidai lokacin da yake magana da mutum na uku ko na huɗu, akwai wata mata da ta rangaɗa guɗa har sau biyu, ni na ji, matata ma da take wanke kwanuka ta ji ta ɗago kai ta ce kai wannan ai tamu ce. Baturiya ba ta guɗa haka. Matar nan tana tsaye ƙila taku biyar daga inda yake amma bai juya ya miƙa mata makirfo ba, ya wuce ta ya je neman wanda zai ce masa ya ga raƙuma. Wannan shi ne abin da ya ƙona mini rai, don na san abin da ke cikin ƙirjin matar nan, mai yiwuwa shekara da shekaru rabonta da gida, ta biya kuɗin tikiti da gumin goshinta ta zo ta ji harshen uwarta a bakin mutum a kan dandali, da an tambaye ta da mun ji maganar da ta fi ta mutum bakwan nan nauyi a haɗe.

Bari in faɗa maka abin da ya sa nake da bakin magana. Ina wajen ranar da Bombino ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a watan Janairu na 2010, da idona na gani ba labari aka ba ni ba. Ni direba ne, kafin rikicin 2007 aikina ɗaukar masu yawon buɗe ido in kai su Timia da Iferwan har cikin hamadar Tenere, da rikici ya tashi aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Agadas aiki ya mutu murus, hanyoyi duk nakiya, in za ka Arlit sai ka jira ayarin da sojoji za su raka, motata ta fi shekara biyu a ajiye cikin gida har tayoyinta suka tsage, ƙarshe na sayar da ita a wulaƙance don in ciyar da yara. A lokacin ko gita ba a yarda a gan ka da ita ba, an hana, don ana ganin kiɗan 'yan tawaye ne, abokan kiɗan Bombino biyu aka kashe shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. Biki ma in an yi sai dai a yi shi a takure kowa ya watse da wuri. To ka duba, garin da ya yi wannan zaman shiru, rana ɗaya aka ce Bombino ya dawo kuma mai martaba Sarkin Abzin ya sa albarka a yi wasa a fili a gindin hasumiya.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba Malam. Mun fi mutum dubu, Abzinawa da Hausawa da Fulani da Larabawa da Tubawa duk an cakuɗe, yara sun hau katanga, tsofaffi da rawunansu a gefe suna kallo, ga hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27 tsaye a kanmu da itatuwanta a tsittsire kamar yadda muka tashi muka gan ta. Iska na kaɗawa da ƙura, lasifika ma ba wasu na kirki ba ne suna ta ƙara, amma da ya taɓa tsirkiyar farko sai da na ji tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shi ba mai surutu ba ne, in ka gan shi a gari ma da ƙyar za ka ji muryarsa, mai kunya ne sosai, amma in ya rungumi gita sai ka rantse wani mutum ne daban aka sako. Kiɗan yana farawa a hankali ne kamar tafiyar raƙumi da safe, babban yatsa na ta bugun tsirkiya ɗaya ba ya barinta sauran yatsun na yawo a ƙasa, abu ɗaya yake maimaitawa yana maimaitawa har ka ce ba zai canza ba, can sai ka ji mai ganga ya ƙara wuta, tafi ya ƙaru, shi kuma ya sunkuya ya fara tsalle da ƙafa ɗaya yana sa gitar tana kuka, a nan ne fili ya rikice. Kusa da ni akwai wani dattijo da na sani, ɗansa ya shiga daji a lokacin rikicin bai dawo ba har yau, na ga ya ja rawaninsa ya rufe fuska kafaɗunsa na rawa, ban ce masa komai ba na dai riƙe masa hannu muka tsaya haka har aka gama waƙar. Ni kaina na yi hawaye kuma ban ji kunyar kowa ba. Na yi rawa har takalmina ɗaya ya tsinke na ƙarasa da ƙafa a ƙasa cikin sanyin nan.

Irin wannan ra'ayin masu kallo nake so in ji a rediyonku. Ba na ƙin Turawan nan wallahi, sun biya kuɗinsu sun ji daɗi Allah ya ƙara musu, kuma na yi shekaru ina cin abinci da irinsu na san akwai mutanen kirki masu son ƙasarmu tsakani da Allah. Amma mutumin da bai san me ake faɗa a waƙar ba iyakarsa ya ce ya ji daɗin sauti. Waƙoƙin nan da Tamashek suke, maganar kewar gida ce da haƙuri da haɗin kai da halin da makiyayi ke ciki in ruwa ya ƙi, su Abzinawa suna da kalma ɗaya da suke kiran wannan kiɗan da ita wato asuf, kewa ke nan ko in ce wannan kaɗaicin da ke kama mutum in dare ya yi masa a daji nesa da kowa nasa. Ni Bahaushe ne amma a Agadas na girma ina jin harshen daidai gwargwado, kuma ko wanda ba ya ji a cikinmu ya san tafin nan daga ina ya fito, daga tende ne, turmin da mata ke ɗaure wa fata su zauna suna bugawa suna tafi maza na zagaya su a kan raƙuma. Ko sau ɗaya ba a ambaci tende a shirinku ba, minti talatin cur.

Sai kuma maganar da mai gabatarwa ya yi wadda ta ƙara mini zafi, wai Turawa ne suka gano shi. Gano shi a ina, ɓata ya yi? Tun kafin wani ya ɗauko kyamara daga Amurka ya zo, kaset ɗinsa na cikin kowace mota a tashar Agadas, ni da kaina na kashe kaset nasa ya fi uku a hanyar Tenere don zafi da rairayi, daga baya aka koma tura waƙoƙin waya zuwa waya ta bulutut da katin memori. A bukukuwan aure ya yi suna, a unguwanni, ana shimfiɗa tabarmi a tayar da janareto a yi ta yi. Sunan Bombino ɗin ma ai a nan aka laƙaba masa don shi ne ƙarami a ƙungiyar maigidansa Haja Bebe da ya koya masa. Kuma kafin shi akwai su marigayi Abdallah Umbadugu da ya rasu a 2020 Allah ya jiƙansa, akwai Tinariwen na Mali, hanya ce da aka share tun da daɗewa. Eh gaskiya ne shi da bakinsa yana faɗa cewa lokacin da suke gudun hijira a Aljeriya da Libiya ya yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yadda suke sarrafa yatsu, ban musa ba, kuma wanda ya saurara zai ji ƙamshin buluz da rok ɗin nan a ciki musamman in ya kunna wa gitar lantarki wuta. Gaskiya ne kuma an kai shi Nashbil a Amurka ya yi faifai da makaɗin nan na can Dan Auerbach wanda ya fito a 2013, faifansa na 2018 kuma ya shiga takarar lambar yabo ta kiɗa ta Grammy, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan, duk mun yi murna har yanka wasu suka yi. Amma wannan ai ƙari ne a kan abin da ya riga ya dahu a gida. Ku da kuke watsa shiri da Hausa don mu, ku ya kamata ku fi kowa sanin haka, in gidan rediyon Turawa ya faɗi haka da harshensu ba zan damu ba, amma a ce da Hausa aka faɗa, a bakin ɗan uwanmu, abin da ciwo.

Af, tun da na riga na ɗauki alƙalami bari in faɗi wannan ma. Lambar nan da kuke bayarwa wai masu saurare su kira, don Allah wa ke ɗaukarta? Sati uku ke nan ina gwadawa a shirin gaisuwa na ranar Lahadi ina so in gai da ƙanwata da ke aure a Tawa, sai ta shiga a bar ni a kan layi ina jin kiɗa kuɗina na tafiya, ranar nan jika guda na sa ta ƙare tas ban yi magana da kowa ba. Kuma kullum mutum huɗu zuwa biyar ɗin nan dai su ake ji, har na haddace sunayensu da na 'ya'yansu. In layin na wasu ne ku faɗa mana mu huta, talaka ba shi da kuɗin zubarwa.

To in koma kan maganata. Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne Malam Edita, ku sake shirin nan. Ba sai kun kashe kuɗin jirgi ba, kuna da wakili a Yamai kuna da hanyar samun mutane a Agadas, ku je tasha ku tambayi direbobi, ku tambayi 'yan kabu-kabu, ku tambayi matan da suka yi guɗa a gindin masallaci a 2010 da yawansu suna nan da ransu wasu har sun yi jikoki, ku tambayi samarin da ke koyon gita a zaurukan unguwa yanzu saboda Bombino da takwaransa makaɗin gita Mdou Moctar. In kuma wasan Turai ɗin kuke so dole, to ku ce wa wakilinku in ya sake zuwa ya buɗe kunnensa, duk inda ya ji guɗa ya bi ta. Dattijon nan da na ba ka labari yana nan har yanzu, idonsa ya yi rauni amma kullum rediyo na kunnensa kuma tasharku yake kamawa, jiya da na je gaishe shi na tambaye shi ko ya ji shirin ya ce ya ji, na ce to me ka gani, sai ya yi shiru can ya ce shi dai ya so a bar kiɗan ya ɗan yi tsawo kafin a fara magana a kai. Na gaya masa zan rubuto muku, ya ce in gaishe ku.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ni da shi za mu zauna a ƙofar gidansa mu kunna, don Allah a karanta wasiƙar nan ko da rabinta ne.

Wassalam, naku mai saurare kullum,
wani direba daga Agadas, Jamhuriyar Nijar