Godiya ga makarantar su 'yata da malamarsu ta kimiyya

Assalamu alaikum. Dole in fito in gode wa shugabar makarantar da muka mayar da 'yata bara da malaman ƙaramar sakandare baki ɗaya, musamman malamar kimiyya ta aji biyu, Malama Allah ya saka miki da alheri.

A makarantar da ta baro in ka tambaye ta me aka koya muku yau sai ta ce an ba mu rubutu mun kwafa, shi ke nan fa, malami ya cika allo su kwafa su haddace a yi jarrabawa a manta, yarinya mai shekara 12 amma ko tambaya tsoron yi take kar a ce ta cika surutu. Na je na yi magana aka ce ai haka ake yi ko'ina.

Nan kuwa ranar ganawa da iyaye na zauna ina jiran a karanto min maki sai Malama ta ce ita yarinyar ce za ta yi bayani. Wallahi na yi mamaki. Ta buɗe fayil ɗinta ta nuna min gwajin da ita da 'yan rukuninsu suka zaɓa da kansu, sun shuka iri a gwangwanaye, wani a rana wani a cikin kwali a rufe, kullum suna awo da rula, na cikin duhun ya fi tsawo amma siriri fari fat, ta ce shuka ba ta yin kore sai da haske. Sannan da bakinta ta ce lissafi na ba ta wahala. Malama ba ta tsoma baki ba, tambaya kawai ta yi mata, to me za ki yi a kai?

Malama ta ce min tsarin ba sabo ba ne, tun 1896 wani masanin ilimi mai suna John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a Amurka inda yara ke koyo ta hanyar yin abu da hannunsu.

To su sauran makarantun me suke jira? Gini mai kyau, yunifom mai kyau, amma yaro ya gama aji uku bai iya tsayawa gaban mutum biyar ya faɗi ra'ayinsa ba, iyaye kuma tambayarsu ɗaya ce, na nawa ka zo a aji.