Ba a Yi wa Li Na Adalci Ba a Shirinku na Tanis

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan sashen wasanni, na rubuto ne game da shirin da kuka gabatar a kan wasan tanis na mata a ƙasar Sin, wanda a cikinsa kuka yi bayani mai gamsarwa game da Zheng Qinwen da lambar zinaren da ta ci a gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024. Na ji daɗin shirin ƙwarai, domin ba kasafai ake ba tanis fili ba, ƙwallon ƙafa ya mamaye kusan dukkan lokacin. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai: sau ɗaya tak aka ambaci sunan Li Na, aka ce tana cikin waɗanda tsarin horarwa na gwamnati ya samar, sannan aka wuce. A ganina an faɗi rabin labari ne, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi nauyi.

Gaskiya ne tsarin gwamnati ne ya raine ta. An haife ta a birnin Wuhan na lardin Hubei a 1982, ta fara da wasan badminton irin na mahaifinta, daga baya masu horarwa suka karkatar da ita zuwa tanis tun tana ƙaramar yarinya. Mahaifin nata ya rasu tana da shekara 14, a 1997 kuma ta shiga tawagar ƙasa. A wancan lokacin hukuma ce ke ɗaukar nauyin ɗan wasa gaba ɗaya, ita ce kuma ke zaɓa masa koci, ta tsara masa gasar da zai shiga da wadda ba zai shiga ba, sannan ta karɓi kashi 65 cikin 100 na kuɗin da ya ci. Wanda ya ciyar da kai yana da hakki a kanka, ban musa ba, amma zaman ya yi wa Li Na tsauri har ta ajiye wasan a ƙarshen 2002, tana da shekara 20, ta tafi jami'a a Wuhan karatun aikin jarida. Sai a 2004 ta dawo, kuma a shekarar ce ta lashe gasar Guangzhou, ta zama mace ta farko daga ƙasar Sin da ta ci kofin WTA, wato ƙungiyar tanis ta ƙwararrun mata ta duniya, a wasan mutum ɗaya-ɗaya.

Abin da ya sauya rayuwarta ya zo ne bayan gasar Olamfik ta Beijing a 2008, inda ta doke Venus Williams amma ta ƙare a matsayi na huɗu, lambar tagulla ta kuɓuce mata. A ƙarshen shekarar hukumar tanis ta ƙasar ta amince wa mata huɗu, wato Li Na da Zheng Jie da Yan Zi da Peng Shuai, su ci gashin kansu, tsarin da Sinawa suke kira danfei, ma'ana tashi sama kai kaɗai. Daga nan ita ce mai zaɓen kocinta, ita ce mai tsara tafiye-tafiyenta, abin da za ta miƙa wa hukuma ya ragu matuƙa, amma kuɗin jirgi da masauki da albashin masu yi mata aiki duk suka koma wuyanta. Ya kamata a lura cewa tana da shekara 26 a lokacin, ga ciwon gwiwa yana damunta, don haka ba ƙaramar kasada ta yi ba.

Duk manyan nasarorinta bayan wannan mataki suka zo, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ganin bayanin da kuka yi bai cika ba. A Janairun 2011 ta kai wasan ƙarshe na gasar Australian Open, Kim Clijsters ta doke ta. Da wasanta ya yi rauni a watannin da suka biyo baya, sai ta sauke mijinta Jiang Shan daga muƙamin koci, ta ɗauko Michael Mortensen ɗan ƙasar Denmark, shawarar da a tsohon tsari ba a hannunta take ba. Ba a jima ba, a watan Yuni, ta doke Francesca Schiavone da ci 6-4 da 7-6 a wasan ƙarshe na French Open a filin jar ƙasa na Roland Garros da ke birnin Paris. Kafin ranar babu wani ɗan wasa mai wakiltar wata ƙasa ta Asiya, mace ko namiji, da ya taɓa lashe ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na tanis a wasan mutum ɗaya-ɗaya, kuma an ƙiyasta cewa mutum miliyan 116 ne suka kalli wasan a talabijin a ƙasar Sin.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta ƙi sakin gasar Australian Open ɗin nan, wadda ake yi a birnin Melbourne. A wasan ƙarshe na 2013 da Victoria Azarenka ta faɗi sau biyu, ta gurɗe a idon sawu, kanta kuma ya bugi ƙasa, duk da haka ta tashi ta ƙarasa wasan, ko da yake ba ta yi nasara ba. A 2014, ƙarƙashin koci Carlos Rodriguez wanda ya daɗe yana horar da Justine Henin, saura maki ɗaya Lucie Safarova ta fitar da ita a zagaye na uku, amma ta tsira, ta ci gaba har ta doke Dominika Cibulkova da ci 7-6 da 6-0 ta ɗauki kofin tana dab da cika shekara 32. A watan Fabrairu ta hau matsayi na biyu a duniya, a Satumba kuma gwiwa ta tilasta mata yin ritaya, da kofuna tara na WTA. A 2019 aka shigar da sunanta zauren gwarazan tanis na duniya da ke Newport a Amurka.

Ita kanta Zheng Qinwen da kuka yi shirin dominta, 'yar lardin Hubei ce, tana da shekara 11 lokacin da ta kalli nasarar Li Na ta 2014, ta yi horo a Wuhan, ta yi a hannun Carlos Rodriguez ɗin nan a Beijing, sannan ta koma Barcelona ta ƙasar Sifaniya. A wannan fili na Roland Garros da Li Na ta ɗaga kofi ne ita ma ta doke Iga Swiatek da Donna Vekic ta karɓi zinarenta. Wanda bai san labarin ta farkon ba zai ɗauka ta biyun daga sama ta faɗo.

Saboda haka ina roƙon ku ware wa Li Na shiri guda sukutum, ku tsaya musamman a kan shekarar 2008 da abin da tsarin danfei ya jawo wa matan huɗu, riba da wahala, domin masu sauraro su ji labarin a cike.

Na gode da ba ni wannan fili. Ku huta lafiya.

Mai sauraronku na kullum,
daga Zariya