Dillalan mota, ba kowace tsohuwa ce ta 'yan gwangwan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in koka da dillalan motoci na nan Jos, ko da za su ce dattijo ya cika son abinsa.

Ina da Honda Civic VTi ƙirar 1993, mai ƙofa biyu, giyar hannu. Ta Kwatano ta shigo tun ina koyarwa. Sitiyarinta a hagu yake don ta kasuwar Turai ce. 'Yar'uwarta ta Japan, SiR, a dama nata yake, irin wanda muka rabu da shi tun 1972. Shekara shida ta yi a gindin mangwaro, daminar Jos ta ci ƙasanta, ɓeraye suka tare a kujeru. Da na yi ritaya na ce sai ta tashi.

Shekara uku muka kwashe. Wani mai walda a Farin Gada ya yanke tsatsar da ke saman tayoyin baya ya ɗora sabon ƙarfe, bai cusa fila ya rufe da fenti ba kamar yadda aka saba. Bakanikena ya sauke injin ya wargaza shi a kan buhu, ƙusa bayan ƙusa. Fitilar baya ta dama kuwa, na yi ta sintiri a Dilimi har yaran shago suna ce min "Baba mai fitila", ƙarshe sai daga Ladipo ta Legas aka samo.

Injin nan B16A ne, lita 1.6 kacal, amma ƙarfin doki 160 gare shi, babu turbo. A cikin gari lafiya lau take tafiya kamar ba ita ba. Allurar juyin inji na haura 5,500 sai VTEC, wato dabarar Honda ta ƙara wa inji ƙarfi, ya kama, muryarta ta sauya. Ranar da muka gwada ta a Hawan Kibo, bakanike dariya ya dinga yi shi kaɗai.

To gwiwar hagu ta daina jure kuloci, mai kuma tun 2023 kowa ya san halin da ake ciki, ga auren autata ya matso. Dole in sayar.

Dillalin farko ko bonet bai ɗaga ba. Shekararta kawai ya tambaya, ya ce, "Baba, wannan ai sai 'yan gwangwan." Na biyu ya fi shi wayo: in bari a cire injin a sayar daban, gangar jikin a yi kilo da ita. Na uku ya kawo min yaro da kuɗi a hannu, ashe wasan mota yake so ya yi da ita a wurin ɗaurin aure. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Ban ce a biya ni abin da na kashe ba, na san wannan ya tafi. Roƙona ga dillalai, tunda la'ada za ku ci, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin mota, ku saurari inji, ku duba takardun kwastam da rasitan gyara kafin ku yanka farashi. Nawa suna nan cikin tsohuwar jakar makaranta, har na fitilar.

Motar tana ƙarƙashin tamfol. Duk Juma'a bayan La'asar nakan tayar da ita, jikana ya zauna a gaba yana jiran allura ta hau.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Rikkos, Jos