Takardar Koke Kan Rubuta Salsalar Zuriyar da Ta Fara Saran Dajin Nan

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu jikoki da tattaɓa-kunnen manomin da ya fara sare dajin nan ya kafa bukka, tare da zuriyar waɗanda suka zo suka iske shi ya yanka musu gona, muna miƙa gaisuwa. Kukanmu ɗaya ne: a rubuta salsalar gidan nan a gabanka, tun dattawan da suka haddace ta suna da rai.

'Yan ƙalilan ne suka rage. Akwai tsohuwar da idan ta fara jero sunaye tana lanƙwasa yatsu, sai ta kai har kan mai saran dajin ba ta yi tuntuɓe ba, ta faɗi matansa, ta faɗi wane ɗaki ne ya gaji fadama, wane ne ya gaji tudu. Yau numfashinta ba ya kai ta ƙarshen lissafin sai ta huta. Ranar da ta faɗi, da abin za a binne ta.

Ruɗanin kuwa tuni ya shigo. Ana mayar wa jika sunan kakansa, bayan shekaru sai mutum biyu su zama ɗaya a bakin jama'a, tsara guda ta ɓace daga lissafi. Wani da laƙabi aka san shi, sunansa na yanka kuma yana cikin wata takardar ajami a ƙasan adaka. Abin da ya fi ci mana rai shi ne mata. 'Ya'yan gidan da suka yi aure nesa an daina ambatonsu, alhali aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya mace rabonta. Sai ka ga 'ya'yansu sun zo ranar rabon gado ana yi musu kallon baƙi. Ga kuma masu sayar da gona da cewa ta kakansu ce, babu mai iya ƙaryata su, don itatuwan da aka sani a matsayin iyaka an sare su an yi gawayi.

Ranka ya daɗe, ba ƙasa muke nema a ƙwato wa kowa ba. Mun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara kan ƙaramar hukuma, amma ai ita ma shaida take tambaya, shaida kuwa daga fada take fitowa. Kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya umarce mu da koyon nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci.

Don haka muna roƙo ka sa rana ka tara dattawan kowane ɗaki, maza da mata, da liman da masu unguwanni, magatakardanka ya rubuta, a kuma ɗauki muryoyinsu. Inda baki ya saɓa, kada a zaɓi na mai ƙarfi. A rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. A taka gonakin da ƙafa, a nuna kufai da tsohuwar rijiya da maƙabarta. Muna kuma neman takarda daga hannunka da za ta ba 'ya'yanmu damar duba rahotannin haraji na zamanin Turawa a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ita ma ke Kaduna. Kuɗin mota da takarda a wuyanmu yake.

In an gama, a karanta a bainar jama'a, ka sa hatimi, kwafi ɗaya ya zauna a fada, kowane ɗaki ya riƙe nasa. Muna fatan a yi zaman kafin damina ta faɗi mutane su watse gona.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawan zuriya, maza da mata, da maƙwabtansu.