Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi: A Buɗa Wa Fim Mai Rassa Ɗaki Ɗaya

Mai Girma Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu shirya fim da masu rubuta manhaja a Bauchi muna da roƙo a kan fim mai rassa, wato wanda mai kallo ke zaɓa wa labarin hanya.

A ce an yi wa matashi a Bauchi tayin shiga sara-suka. Hoto ya tsaya, maɓalli biyu suka fito a fuskar waya: ya bi su, ko ya kai ƙara wurin mai unguwa. Wanda ya danna da yatsansa ya ga inda zaɓinsa ya kai yaron, ba zai manta da wuri ba. Irin wannan fim ya daɗe. An nuna Kinoautomat a baje kolin Montreal a 1967, Netflix kuma ya fitar da Bandersnatch a 2018.

Ranka ya daɗe, wahalar tana cikin lissafi. Mahaɗa uku a jere (wato wuraren da mai kallo ke zaɓi), kowace da zaɓi biyu, sukan haifi gutsure 15 da ƙarshe 8. In kowane gutsure minti biyu ne, an ɗauki minti 30 don mai kallo ya ga minti 8 kacal. Shi ya sa ake zana taswirar labari kafin a taɓa kyamara (manhajar Twine kyauta ce), a riƙa mayar da rassan suna haɗuwa, sai 15 ɗin nan su koma 9. Dole kuma a sa mutum ɗaya aikinsa lura da kaya da haske, domin jarumin da ya shiga mahaɗa da hula ya fito ba hula ya ɓata rassa biyu a take. Sai data: kafin a danna, waya kan fara sauke rassan biyu, don haka in ba a matse hoton ya rage nauyi ba, yana iya tsayawa cak daidai wurin zaɓi. Kuma murya ta karanta zaɓin da Hausa, saboda ba kowa ke karatun boko ba.

Irin wannan aiki ba kasafai yake sayuwa a kasuwar fim ba, sau da yawa hukuma ke riƙe shi. A Kanada hukumar fim ta ƙasa, NFB, ta ɗauki nauyinsa shekaru da dama. Bikin fina-finai na IDFA a Amsterdam ya ware masa sashen DocLab tun 2007. Duk da haka, da aka daina tallafa wa Flash, manhajar da aka gina da yawansu da ita, a ƙarshen 2020, ayyuka masu yawa sun daina buɗuwa a intanet. Wannan ne ya fi damun mu, domin a nan ma an saba sayen kaya a manta da kuɗin kula da su.

Roƙonmu ɗaki ɗaya ne, a gidan talabijin na jiha, BATV, ko a Kwalejin Abubakar Tatari Ali: kyamara biyu, kwamfutar tace hoto uku, sola, da mai rubuta manhaja ɗaya mai albashi. A horar da matasa tare da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, tunda ga ta kusa. Kowane aiki a gina shi da HTML5, tsarin rubuta shafin intanet da ya maye gurbin Flash, a ajiye ɗanyen hoton da taswirar a wuri biyu. Sannan a rubuta kuɗin riƙe shafin intanet da gyaransa na shekara biyar a cikin kasafin tun ranar farko, a layinsa na daban.

Allah ya taimaki Ƙaura.

Naku,
Masu shirya fim da masu rubuta manhaja, Bauchi