Kafin a yanke hukunci kan maƙwabci, a tambayi na bakin iyaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da yadda muke tsara hulɗa da ƙasashen waje.

Ku duba abin da ya faru bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Najeriya da Aljeriya duk maƙwabtan Nijar ne, duk sun ce ba su yarda da juyin mulki ba, amma kowa hanyarsa daban. Aljeriya tun farko ta ce atafau ba ta goyon bayan yaƙi, shugabanta Tebboune ya ce barazana ce ga ƙasarsa kai tsaye, saboda sun ga yadda Libiya ta tarwatse a 2011 kuma har yau suna kwasar ɓarnar, sai suka kawo shawarar riƙon ƙwarya na wata 6. Nijar ba ta bi shawarar ba, amma dai ka ga Aljeriya ƙasa ce da ta fara lissafa iyakarta kafin ta buɗe baki.

Mu kuwa kwana huɗu kacal aka zauna a Abuja da sunan ECOWAS aka ba da wa'adin kwana 7, aka rufe boda, aka yanke wuta. Wallahi na ga motocin albasa jere a hanyar Illela suna ruɓewa, direbobi na kwana ƙarƙashin tirela, wani ƙanwarsa na aure a Konni cikin Nijar amma ba halin zuwa. Jihohi 7 ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, waye ya tuntuɓe su? Sai da sanatoci suka ƙi amincewa da tura soja, malamai su Sheikh Bala Lau suka tafi Yamai, sannan hankali ya ɗan kwanta. A Fabrairu 2024 aka janye takunkumin, Bazoum bai dawo ba, Nijar da Mali da Burkina kuma suka fice daga ƙungiyar ECOWAS.

Ni ba na goyon bayan mulkin soja ko kaɗan. Amma a 1976 Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya ƙi bin Amurka kan Angola don ya san abin da Najeriya ke so. Yau ina wannan lissafin?

Roƙona majalisa ta sa doka, kafin a rufe boda ko a sa takunkumi dole a saurari gwamnoni da sarakuna da 'yan kasuwar bakin iyaka.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato